Ruwan da Muka Zuba wa Dutse

Jikana Ishaku yana bin masu motar haƙa rijiyar burtsatse. Ran nan ya dawo da yamma, ya zube a bencina, ya ce ya sha wahala. Ba ma da Hausa ya faɗa ba, wata kalmar Turanci ya jawo mai tsawo kamar igiyar guga. Na ce, "Wannan kuma mece ce?" Ya ce, "Baba, ita ma wahala ce, amma babba. Turawa suna da ta jiki, suna da ta zuci, suna da ta rashin abin hannu, kowacce da sunanta." Na tambaye shi wacce ya sha yau. Ya ce injin ne ya lalace, suka yini a ƙarƙashin mangwaro suna jiran makanike. Wato zama ya yi.

Ni aji biyu na yi a makarantar mishan. Ranar da na daina zuwa malamin ya yi murna, ni ma na yi murna, aka rabu lafiya. Don haka kalma ɗaya nake da ita, kuma ta ishe ni aiki har na tsufa. Ku yaran yanzu kun ɗauka gina rijiya rami ne kawai, kowane mai ƙarfi ya iya. To ku matso. In rubutun ya karkace ku yi haƙuri, hannun da dagi ya saba ne.

Rijiyar farko da na shiga, dariya ce ta kai ni. Ina dako a tashar jirgin Kafanchan a lokacin, na biyo ta bayan kasuwa na ga wani gajeren Bahaushe, baki ja wur da goro, yana jawo bokitin ƙasa daga rami. Malam Sallau ke nan, kakanninsa ma a garin aka haife su. Na tsaya na ce, "Malam, ai wannan aikin ko gafiya tana yi."

Bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "To sauka, Gafiya."

Na sauka don kada a ce na ji tsoro. Kafin azahar tafin hannuna ya kwaile, bayana ya ƙi miƙewa, na kuma karkatar musu da ramin har sai da suka yini suna gyara. Daga ranar na bar dako na zama yaron Malam, sunan kuma bai sake ni ba. Matata har ta rasu, in ta ji haushi, Gafiya take ce mini, ba Yohanna ba.

Kayan aikinmu ba su cika buhu ɗaya ba. Akwai dagi, ƙarfe mai faɗin baki da gajeriyar ƙota, don a cikin rami babu wurin ɗaga doguwa. Akwai ƙaramar diga, da guduma, da shebur da aka yanke wa mariƙi, da bokiti da igiya. Sai wata sanda da Malam ya yanka daidai faɗin rijiya. Duk ɗan zurfin da ka ƙara, sai ka juya sandar nan a cikin ramin. In ta maƙale ka matse, in ta yi lilo ka buɗe, kuma ko wanne ne za ka ji muryar Malam daga sama. Kana sauka kana sara wa kanka matakai a bango, dama da hagu, don su ne hanyarka ta komawa gida. In bokiti yana hawa, ka manne da bango, kada ka ɗaga kai kana kallo kamar baƙo a birni. Na taɓa ɗagawa. Tabon yana nan a goshina, jikoki sun ɗauka a yaƙi na samu, ni kuma ban gyara musu ba.

Sai fitilar ƙwai. Kowace safiya ita take fara sauka, a ɗaure da igiya. In ta kai ƙasa tana ci, mutum ya bi ta. In ta mutu, babu mai sauka ko da mai gida zai yi birgima a ƙasa. Iskar rijiya takan lalace, ba wari, ba launi, sai dai mutum ya ji barci mai daɗi. Malam ya ce mini, "Duk ranar da ka ji barci a rami, ba barci ba ne. Ja igiya."

Ƙasa kuma hawa-hawa ce. Ka wuce baƙa ta sama, ka shiga ja, ka ci karo da marmara mai cin bakin dagi, ka samu yumɓu mai kama ƙafa. In ka ga farin yashi mai sanyi, ka fara washe baki. Masu ba mu aikin su ma hawa-hawa ne. Wata matar ma'aikacin jirgi ta nace sai a gina mata rijiya dab da kicin, alhali salga tana taku kaɗan daga wurin. Malam ya ce, "Uwargida, zan gina, amma miyarki za ta yi ɗanɗanon da ba ki saka ba." Wani kuma a hanyar Kagarko ya ce a mafarki aka nuna masa wurin. Muka gina a wurin mafarkin, muka samu gidan tururuwa.

Amma aikin da nake so ku ji shi ne na shekarar fari, shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira. Mu nan kudu mun saba ruwa yana yi mana yawa, mukan ji labarin fari daga bakin fatake ne. A shekarar nan damina ta ɗauke da wuri, kafin bazara rafukan da ban taɓa ganin gindinsu ba suka zama hanyar awaki. A lokacin gwiwar Malam ta fara ba shi matsala, shi yana sama da igiya, ni nake ƙasa.

Wani dattijon ikilisiya mai suna Bitrus ya zo a keke daga wani ƙauye can gefen Manchok. Rijiya ɗaya suke da ita, a harabar majami'a, ta ƙafe ƙaf. Matan ƙauyen suna tashi da asuba su gangara kwari mai nisa, su tona yashin rafi, su dawo rana ta take. Ya ce magidanta sun fara maganar tura mata da yara wajen dangi a Kafanchan da Kagoro. In kuwa suka watse, babu mai gyara gonar citta da acca kafin ruwan farko, yunwar baɗi ta tabbata ke nan. "Ku ƙara mana zurfi," in ji shi, "ko Ubangiji zai duba mu."

Muka yashe rijiyar, na fara sara. Ban yi nisa ba dagi ya ce ƙau, har haƙorana suka amsa. Dutse. Ba marmara ba, baƙin dutse mai sheƙi, ya rufe gindin rijiyar kaf.

Malam ya kwanta rub da ciki a bakin rijiya, ya ce, "Buga tsakiya." Na buga. "Buga gabas." Na buga. Ya ce in sa kumatuna a wurin. Na sa, na ji sanyi. Ya ce, "Wannan ba uwar dutse ba ce, murfi ne. Ruwa yana ƙasa. Sai dai mu dafa shi."

Dafa dutse kuwa ga yadda ake yi. A cika gindin rijiya da busasshen itace, a jefa wuta, a yi ta ƙara mata har dutsen ya yi zafi ya kai cikinsa. Sannan a kwarara masa ruwan sanyi mai yawa, gaba ɗaya, ba kaɗan-kaɗan ba. Zafi da sanyi suka haɗu, sai ya tsage. Kun ga inda matsalar take. Mutanen da suka kira mu don ba su da ruwa, su za mu ce su kawo ruwa mu zubar.

Bayan sujada ranar Lahadi Dattijo Bitrus ya ce in yi wa jama'a bayani, don Malam ya ce shi baƙo ne, bakina ya fi kusa da kunnensu. Na yi bayani da ƙarfin hali, har da nuni da hannu. Sai wata mata ta miƙe daga bencin gaba, doguwa, busasshiya, ɗankwali a ɗaure tamau. Mama Saratu, shugabar zumuntar mata.

"Ɗana, sake faɗa. Kunnena ya tsufa."

Na sake.

"Ruwan da muke raba wa yara da ludayi, shi za ka ba dutse ya sha?"

"Mama, ba sha zai yi ba, fashewa zai yi."

"In bai fashe ba fa?"

"Zai fashe."

Ta dube ni daga goshi har ƙafa. "Kai ne Gafiya, ko? To mun ji."

Suka kawo. Kowace mace ta ba da tulu guda daga abin da ta ɗauko. Muka yi wuta da karan dawa da itacen da aka samu kusa, muka zuba. Da iska ta gyaru na sauka, dutsen ya ɓare kamar ɓawon rogo, kaurin tafin hannu kawai. Na fito ina cewa alama ce mai kyau. Muka sake, suka sake kawowa. Wannan karon ma ɓawo ya ba mu. A makon nan na ga yara sun zo majami'a da ƙafafu fari fat, babu wanda aka yi wa wanka. Na ji wani magidanci ya riga ya ɗora iyalinsa a motar kasuwa.

Da na je neman ruwa karo na uku, na tarar da Mama Saratu tana tankaɗe a ƙofar gida, mata huɗu ko biyar a zaune tare da ita. Ta ce, "Babu."

Na yi roƙo, na kawo sunan Ubangiji, na kawo sunan Malam. Ta ci gaba da tankaɗe. Sai bakina, wanda tun ina yaro yake riga kaina tafiya, ya ce, "Haba Mama. Ku ɗauko ruwa kawai kuke yi. Mu ne muke shan wahalar a cikin rami."

Rariyar ta tsaya. Matan nan suka dubi juna. Wata ta ce, "Ehen."

Mama Saratu ta karkaɗe hannu a zaninta. Ba ta ɗaga murya ba. "Gaskiyarka, ɗana. Ɗauko ruwa kawai. To gobe da asuba ka zo nan, akwai tulun da babu mai shi. Duk ranar da ka ɗauko ɗaya a kanka, kowacce cikinmu za ta ajiye maka ɗaya. Ranar da ba ka je ba, dutsenka ya yi azumi."

A ƙauyen nan namiji ba ya ɗaukar tulu. Ko gwauro sai dai 'yar'uwarsa ta kawo masa. Na koma wajen Malam ina tsammanin zai je ya ba da haƙuri a madadina. Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. Ya ce, "Ni gwiwata ta cece ni. Kai ka tona, kai za ka shiga."

Tafiyar zuwa ba komai, tulu babu nauyi, ina ma yi musu barkwanci. Hanyar gangara ce cikin duwatsu, su sun san inda za su sa ƙafa a duhu, ni ina tuntuɓe. Da muka isa, babu rafi, sai ramuka a cikin yashi, kowanne da mace durƙushe a bakinsa da ƙaramar ƙwarya. Ki ɗebo rabin ƙwarya, ki jira ya sake tsattsafowa. Ki ɗebo, ki jira. Ni da nake mai gina rijiya, na ce bari in nuna musu gwaninta, na zurfafa ramina da sauri. Yashin ya rufta ya cinye mini ƙwarya. Wata amarya mai ciki, da goyo a baya, ta ce, "Oga mai rijiya, a nan ba a gaggawa."

Rana ta fito kafin tuluna ya cika. Suka naɗa mini gammo, mata biyu suka ɗora mini. Ku ji ni da kyau. Na ɗauki buhun gyaɗa a tasha, na ɗaga dutse daga rami. Amma buhu ba ya motsi. Ruwa yana da rai, ka yi dama ya yi hagu, wuyanka ne alƙali. Su sun sa ganye a bakin tulu don kada ya fantsama, babu wadda ta gaya mini. Ga hawa. Ruwa yana bin bayana har cikin wando, amaryar nan mai ciki ta wuce ni tana ba yaronta labari. Kuma babu saukewa, don in ka sauke a hanya babu mai ɗora maka, kowa da nata.

Muka shigo gari maza suna zaune a gindin mangwaro. Wani ya ce, "Sannu da zuwa, amaryar Malam!" Aka fashe da dariya. Na sauke tulu, Mama Saratu ta leƙa ciki.

"Rabi."

"Mama, hanyar ce."

"Mu ta sama muka biyo?" Ta juya wajen mazan. "Ku kuma masu haƙora a waje, shi dai ya je."

Dariyar ta mutu.

Da yamma na zauna kusa da Malam, wuyana ba ya juyawa, sai in juya da dukan jikina kamar akuyar da aka ɗaure. Na ce, "Malam, ruwan nan ba za a zuba shi a kan wutar kara ba." Ya ce shi ma abin da yake tunani ke nan, wutarmu tana da harshe amma ba ta da zuciya. Kara yana ci ya mutu, zafin bai shiga cikin dutsen. Ƙirya muke buƙata, itacen da maƙera suke yin gawayi da shi, kuma tana can kan tudu. Na je wajen Dattijo Bitrus na ce masa, in ni baƙo zan ɗauki tulu, mazan gari su ɗauki gatari. Bai yi musu ba. Ina jin matarsa ta riga ni yi masa wa'azi a gida.

Haka muka yi kwanaki. Asuba ina kwari da mata, na koyi sa ganye, na koyi tafiya da ƙugu ba da kafaɗa ba. Da rana ina cikin rami da guduma da guntun ƙarfe, ina sara layi a kan dutsen daga gabas zuwa yamma, don in zai tsage ya san hanyar da zai bi. Maza suna jibge ƙirya. Tuluna suna ƙaruwa a inuwar majami'a, an rufe su da ganye don su yi sanyi. Kowane tulu a wurin, wani gida ne ya kwana da ƙishi. Mama Saratu ta ce mini a hanya, ba tare da ta juyo ba, "Wannan ne na ƙarshe, Gafiya. In bai yi ba, ni da kaina zan ce wa mata su ɗaure kaya." Na ce na sani. A karon nan ban ce zai fashe ba.

Ranar da muka yi wutar, tun safe muke jefa ƙirya har rana ta karkata. Ba hayaƙi sosai, sai wani zafi da yake fitowa daga rijiyar, iska tana rawa a samanta. Malam ya leƙa, ya tofa yawu, ya ce ya yi. Na miƙa hannu zan ɗauki tulu, Mama Saratu ta buge hannun.

"Mu muka ɗauko, mu za mu zuba."

Matan suka kewaye rijiyar, kowacce da tulu a hannu, wasu a bayansu suna jira da nasu. Malam ya ce, "Uwa, gaba ɗaya fa, kada wata ta ji tausayi." Ta ce, "Malam, mun wuce tausayi." Ta ɗaga murya ta ce, "Cikin sunan Ubangiji, ku sake!"

Rijiyar ta yi gurnani, tururi ya taso fari kamar jirgi ya shigo tasha. Layi na biyu suka zuba. Sai muka ji tau! a ƙarƙashin ƙafafunmu, kamar bindigar maharbi. Yara suka watse. Wata tsohuwa ta fara guɗa, Malam ya ɗaga mata hannu. Ƙara ba ruwa ba ce.

Jama'a suna so in sauka nan take. Muka saukar da fitila, ta mutu tun ba ta yi rabi ba. Muka ɗaure rassan mangwaro a igiya, muna ja muna saki don su kori mugunyar iskar. Washegari da safe ta sake mutuwa. Wani ya ce tsoro nake ji. Na ce, ƙwarai, ga igiya in yana so. Sai da rana ta yi tsaka fitilar ta kai ƙasa tana ci.

Na sauka cikin toka da laka. Na share da shebur, na laluba, hannuna ya faɗa cikin tsaga, daidai kan layin da na sara. Na cusa dagi, na danna da dukan nauyina, gefen gabas ya ɗaga. Na yi ta fasawa ina aikawa sama. A ƙarƙashi, farin yashi. Ruwa ya rufe mini idon sawu. Na cika bokiti, na yi ihu, aka ja.

Ina jiran guɗa, sai na ji shiru. Can muryar Mama Saratu ta gangaro.

"Gafiya, wannan baƙin ruwan ai namu ne da muka zuba. Kada ka sayar mana da kayanmu."

Ta yi gaskiya, ni kaina ba zan iya rantsuwa ba. Malam ya ce, "Kwashe shi tas." Na yi ta kwasa, bokiti bayan bokiti, har na koma ɗiba da ƙwarya, na ƙarshe na tsane shi da rigata na matse a bokiti. Na ce su leƙo. Aka haska da madubi, kowa ya ga yashi babu ruwa. Na hau na zauna a ƙasa, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Babu wanda ya koma gida. Mama Saratu ta zauna a bakin rijiyar da guga a cinya, ta hana kowa leƙawa. Inuwar majami'a ta yi tsawo har ta taɓa mu. Sannan ta miƙe, ta saki gugan a hankali, igiya tana bin tafinta. Ba mai tari.

Tsulum.

Ta bar shi ya nutse, ta jawo. Hannunta ya gaya mana nauyinsa tun bai iso ba. Ta kurɓa, ta kuskure baki, ta tofar.

"Ɗacin toka," in ji ta. Ta sake kurɓa, wannan karon ta haɗiye. Ta miƙa wa amaryar nan mai ciki, ta juya wajen sauran matan da suka fara kuka da dariya a haɗe.

"Ku je ku wanke yaran nan. Kuma wata ta gaya wa zakara, gobe da asuba shi kaɗai zai tashi."